Buhu Nawa Ne Ya Iso? Yadda Kwamfutoci Ke Ƙirga Saƙon da Suka Karɓa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin kaka a ƙasar Kusada ya san yadda hatsi ke yin ƙaura. Da zarar an gama girbin gero, an shiga roron wake da yankan dawa, sai hanyoyin da suka fito daga Mawashi da Kofa da Dudunni su cika da amalanke da babura da motocin a-kori-kura. Wasu su sauke a cikin gari, wasu kuma su zarce Kankiya, a kan babban titin Kano zuwa Katsina.

To, a ɗauka wani ɗan kasuwa ya tura yaransa huɗu ƙauyuka sayen hatsi, shi kuma ya share ɗaki mai cin buhu 100 yana jira. Cikin dare mota ta iso, aka sauke kaya aka rufe ɗaki. Buhu nawa ne ya iso? Girman ɗakin ba zai ba da amsa ba, domin ɗaki mai cin buhu 100 yana iya karɓar 7 kacal. Idan kuma akwai ragowar buhunan bara a ƙuryar ɗakin, wanda bai ƙirga a bakin ƙofa ba zai iya haɗa tsohon hatsi da sabo ya rubuta su duka a matsayin sayayyar bana. Daga nan lissafin riba da jari ya lalace, kuma ba lalle ne a gane ba sai bayan watanni.

Wannan tambaya ta bakin ƙofar ɗakin hatsi ita ce manyan kwamfutocin duniya ke yi wa kansu ba dare ba rana. Maƙalar nan za ta bayyana dalilin da ya sa tambayar ke tasowa, da yadda masana suka tsara amsa ta, da kuma ɓarnar da ke biyo baya idan aka yi sakaci da ita.

Lissafin gayya

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya akan kira mata gayya, a raba kunyoyi, kowa ya kama nasa. Haka nan ake yi wa lissafin da ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya: a yanka shi gunduwa-gunduwa, a raba wa ƙwaƙwalen na'ura masu yawa su yi aiki a lokaci guda. Wannan shi za a kira lissafin gayya a nan, kowace ƙwaƙwalwa da ke riƙe da kasonta kuma a kira ta ma'aikaci.

Tunanin ya girmi kwamfutar kanta. A shekarar 1922 wani masani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa littafi a kan hasashen yanayi ta hanyar lissafi. A ciki ya kwatanta wani katafaren zaure mai ɗauke da mutane 64,000, kowannensu yana lissafa iska da zafi na wani ɗan yanki na duniya, yana kuma nuna wa maƙwabtansa sakamakon da ya samu. Dole ne a nuna wa maƙwabta, domin iskar da ke kan Kusada yanzu, ɗazu tana kan wata ƙasa. Ba a taɓa gina zauren ba, amma a 1950 aka yi hasashen yanayi na farko da kwamfuta, a kan na'urar ENIAC ta Amurka, kuma tsarin raba taswira da ya yi tunani shi ne ake bi har yau. Nijeriya ma tana da suna a wannan fage, domin a 1989 Philip Emeagwali yana cikin waɗanda suka sami kyautar Gordon Bell, saboda lissafin yadda man fetur ke gudana a ƙarƙashin ƙasa da ya yi a kan na'urar Connection Machine mai ƙwaƙwale 65,536.

Akwai abu ɗaya da ya bambanta wannan gayya da ta gona. Masu noma suna ganin juna, suna jin muryar juna. Ma'aikatan babbar kwamfuta kuwa kowane yana da tasa ma'ajiyar, wadda ɗan'uwansa ba ya iya leƙawa. Hanyar da za su san abin da ke hannun juna ita ce aika saƙo: wannan ya aika, wancan ya karɓa. Manhajar hasashen yanayi ta Cibiyar Hasashen Yanayi ta Turai, mai hedikwata a garin Redin na Ingila, da irin wannan musayar saƙo take aiki. Ke nan manomin da ke sauraron rediyo don jin ko damina za ta sauka da wuri, yana da rabo a cikin sahihancin waɗannan saƙonni ko da bai taɓa jin labarinsu ba.

Mudu ɗaya ga kowace kasuwa

A shekarun 1980 kowane kamfanin da ke ƙera irin waɗannan na'urori yana da tasa hanyar aika saƙo. Manhajar da aka rubuta wa na'urar wannan kamfani ba ta aiki a kan ta wancan sai an sake rubuta ta, tamkar a ce kowace kasuwa da girman mudunta. Saboda haka a watan Afrilu na 1992 masana suka taru a garin Wiliyamsbag na jihar Bajiniya a Amurka don neman ƙa'ida guda. Wakilan jami'o'i da kamfanoni da cibiyoyin bincike kimanin 40 na Amurka da Turai suka ci gaba da zama, har a 1994 suka fitar da ƙa'idar da aka sani da MPI, wato ƙa'idar miƙa saƙo tsakanin ma'aikata. Daga cikin jagororin aikin akwai Jack Dongarra, wanda ya sami kyautar Turing ta 2021. William Gropp da Ewing Lusk na cibiyar bincike ta Argonne kuma suna cikin waɗanda suka rubuta MPICH, manhajar da ta fara aiwatar da ƙa'idar kuma ake raba ta kyauta.

A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, mai aikawa yakan faɗi wurin da kayan suke a ma'ajiyarsa, da adadinsu, da irinsu, da wanda za a kai wa, da wata lamba da ke nuna ko saƙon na mene ne. Irin kaya shi ne ma'auni. Kwamfuta tana auna bayani da bayit. A yawancin na'urori cikakkiyar lamba tana cin bayit 4, lamba mai ɗigo ta lissafin kimiyya kuma tana cin bayit 8.

Mai karɓa shi ma yakan faɗi adadi da iri. A nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe. Adadin da mai karɓa ya faɗa girman ɗakin da ya share ne kawai, watau iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan saƙon ya fi ɗakin girma, ƙa'ida ta ce kuskure ne, kuma a bisa al'ada aikin gaba ɗaya yakan tsaya. Wannan kuskure mai sauƙi ne, domin yana da ƙara, kowa zai ji. Idan kuwa saƙon bai kai girman ɗakin ba, ƙa'ida ta halatta shi: za a zuba abin da ya zo a farkon ma'ajiyar, a bar sauran gurabun yadda suke, ba tare da wani gargaɗi ba. Abin da ke cikin sauran gurabun shi ne buhunan bara, wato lambobin saƙon da ya gabata ko tarkacen da babu wanda ya san asalinsa.

Me ya sa mai karɓa ba zai san adadin tun da farko ba?

Mai karatu zai iya tambaya: tun da mutum ɗaya ne ya rubuta manhajar mai aikawa da ta mai karɓa, me zai hana ya daidaita adadin tun daga farko? Sau da yawa hakan ake yi. Amma akwai ayyukan da adadin ba ya bayyana sai lissafi ya yi nisa.

Alal misali, ƙurar hunturu. Kaso mai yawa na ƙurar da ke rufe sararin ƙasar Hausa daga Disamba zuwa Fabrairu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda masana ke lissafa shi a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. A ɗauka masu bincike suna bin sawun ƙwayoyin ƙura a kwamfuta, sun raba taswira gida-gida, yankin Damagaram yana hannun wani ma'aikaci, yankin Katsina yana hannun wani. Duk ƙwayar da iska ta tsallakar da ita kan iyaka, dole mai Damagaram ya miƙa bayaninta ga mai Katsina. A wani zagaye ƙwaya 12 ce za ta tsallaka, a wani 9,000, a wani kuma ko ɗaya. Iska ce ke yanke adadin, mai rubuta manhaja ba shi da ta cewa.

Idan mai Katsina ya share gurbin ƙwaya 10,000, aka kawo masa 12, shi kuma ya ɗauka ɗakin ya cika, to zai ƙara ƙwaya 9,988 na bogi a sararin samaniyarsa. Na'ura ba za ta tsaya ba, taswira za ta fito da launukanta masu kyau, sai dai ƙarya ce. Irin wannan kuskure mai shiru shi ne masana suka fi tsoro.

Rasit da ƙirga

Maganin da ƙa'idar MPI ta tanada shi ne rasit. Duk lokacin da aka kammala karɓar saƙo, akan cike wa mai karɓa wata 'yar takardar shaida. A fuskarta ana iya karanta wanda ya aiko da kuma lambar saƙon, abin da ke da amfani ƙwarai ga ma'aikacin da ya ce zai karɓa daga duk wanda ya riga isowa. Adadin kayan kuwa ba a rubuta shi a fili ba. Sai mai karɓa ya miƙa rasit ɗin ga wani umarni mai suna MPI_Get_count, ya kuma faɗi ma'aunin da yake so a ƙirga da shi, sa'an nan a ba shi amsa.

Waɗanda suka tsara ƙa'idar sun ba da hujjar wannan zagaye. Na farko, a mafi yawan lokuta mai karɓa ya riga ya san adadin, don haka lissafa shi a kan kowane saƙo ɓata lokaci ne, kuma ɓata lokaci kaɗan sau miliyoyi ba kaɗan ba ne. Na biyu, akwai lokacin da ake samun rasit tun kafin a faɗi irin kayan, kamar yadda za a gani nan gaba. Abin da na'ura ta fi sani shi ne yawan bayit da suka iso, kuma aikin umarnin shi ne raba wannan yawa da girman ma'auni.

Daga nan wata ƙa'ida ta biyu ke fitowa. A ɗauka bayit 800 ne suka iso. Idan aka ƙirga da ma'aunin lamba mai ɗigo, amsa 100 ce. Idan aka yi kuskure aka ƙirga da ma'aunin cikakkiyar lamba, za a iya samun 200, kuma rabon ya tafi daidai babu saura, babu abin da zai ja hankali. Wanda ya sayi hatsi da tiya ya zo yana ƙirga da gwangwani zai sami lamba babba, amma hatsinsa bai ƙaru ba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a ƙirga da ma'aunin da aka karɓi saƙon da shi.

Buhun da bai cika ba

MPI ta ba mai rubuta manhaja damar ƙera nasa ma'aunin daga ƙananan ma'aunai, kamar yadda ake haɗa tiyoyi su zama buhu. A misalin ƙura, kowace ƙwaya tana iya buƙatar lamba huɗu: uku na nuna inda take a sarari, ɗaya na nuna nauyinta. Sai a ɗaure huɗun nan a kira su ƙwaya ɗaya, mai cin bayit 32. Idan bayit 320 suka iso, ƙwaya 10 ke nan cif.

To, idan lamba 42 ce ta iso fa? Ƙwaya 10 sun cika, ga kuma lamba biyu da ba su kai ƙwaya ba. A kasuwa, in an ɗauka buhu yana cin tiya 40, wanda aka kawo wa tiya 130 ba zai ce buhu uku ya karɓa ba, domin ya zubar da tiya 10. Ba kuma zai ce huɗu ba, domin ya ci bashin tiya 30 da babu su. Umarnin MPI_Get_count shi ma ba ya rage wa, ba ya ƙarawa. Sai ya mayar da wata alama ta musamman, MPI_UNDEFINED, mai nufin cewa tambayar ba ta da amsa da wannan ma'auni. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai dai wannan alama ita ma lamba ce a cikin na'ura, kuma a manhajojin da aka fi amfani da su lamba ce da ke ƙasa da sifili. Wanda bai duba ba, ya ɗauke ta a matsayin adadi ya ci gaba da lissafi, ya sake faɗawa ramin da ake ƙoƙarin fitar da shi. Mai son sanin ainihin abin da ya iso sai ya kira umarni na biyu, MPI_Get_elements, wanda ke kwance buhu ya ƙirga tiya. Shi zai ce 42. Idan ma'aunin na asali ne, ba haɗaɗɗe ba, umarnan biyu amsa ɗaya suke bayarwa. Bambancinsu yana fitowa ne a kan ma'aunin da aka ƙera.

Leƙawa kafin karɓa

Saura tambaya ɗaya: wane girman ɗaki za a share wa saƙon da ba a san tsawonsa ba? Hanyoyi uku aka fi bi.

Ta farko ita ce a share ɗaki mafi girma da saƙo zai iya kaiwa, a karɓa, a ƙirga. Tana da sauri, amma tana cin ma'ajiya, kuma ran da saƙo ya zarce ƙiyasi aiki ya tsaya. Ta biyu ita ce mai aikawa ya fara tura ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da adadi, sa'an nan kayan su biyo baya. Aibinta shi ne kowane saƙo yana da kuɗin hanya, komai ƙanƙantarsa, kamar motar da za ta sha mai daga Kusada zuwa Kankiya ko da wasiƙa ɗaya ta ɗauko. Ta uku ita ce leƙawa, da umarnin MPI_Probe. Wannan yakan duba saƙon da ya iso bakin ƙofa ba tare da an sauke shi ba, ya ba da rasit. Da rasit ɗin sai a ƙirga, a share ɗaki daidai wa daida, sa'an nan a karɓa. Nan ne ake samun rasit kafin a faɗi irin kaya.

Leƙawa ma tana da tarko. A na'urorin zamani ma'aikaci ɗaya yana iya samun hannaye da yawa masu aiki tare, kamar yara biyu masu tsaron ɗaki ɗaya. Na farko ya leƙa ya ga mota mai buhu 20, ya tafi share wuri. Kafin ya dawo na biyu ya sauke ta, wata mai buhu 60 ta tsaya a gurbinta. Don toshe wannan ɓaraka, bugu na uku na ƙa'idar, wanda ya fito a 2012, ya kawo MPI_Mprobe, wanda ke kama wa mai leƙawa saƙon da ya gani, har ya dawo babu mai taɓa shi.

Darasin ya wuce fagen lissafin gayya. A watan Afrilu na 2014 aka bayyana wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Ba ta da alaƙa da MPI, amma cutar iri ɗaya ce. Mai aikawa yakan faɗi tsawon saƙonsa ya nemi a maido masa da shi, ita kuma manhajar ta yarda da tsawon da aka faɗa ba tare da ta gwada shi da abin da ya iso ba. Sai mugu ya aiko da ɗan kaɗan ya ce mai yawa ne, a cika masa ragowar, har kusan bayit 64,000, daga abin da ke kwance a ma'ajiya, wanda kan haɗa da kalmomin sirri na mutane. Gani ya kori ji.

Ran da adadi ya fi ƙarfin lamba

Masu tsara ƙa'idar 1994 sun ajiye adadi a cikin cikakkiyar lamba, wadda a yawancin na'urori ba ta wuce 2,147,483,647. A wancan zamani wannan iyaka ta yi nisa ƙwarai. Amma na'urori sun girma. A 2022 na'urar Frontier ta cibiyar Oak Ridge a Amurka, mai ƙwaƙwale sama da miliyan 8, ta zama ta farko da aka tabbatar a jerin manyan kwamfutocin duniya tana yin lissafi sama da biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. A irin waɗannan na'urori saƙo ɗaya yana iya zarce iyakar. Idan hakan ta faru, tsohon umarnin ƙirga yakan mayar da alamar nan ta rashin amsa. Bugu na 2012 ya fara kawo babbar lamba ta musamman don ƙirga, sa'an nan bugu na huɗu, na 2021, ya shimfiɗa ta a kan umarnan aikawa da karɓa baki ɗaya.

Kammalawa

Ɗalibin da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba ya buƙatar babbar na'ura kafin ya ga wannan da idonsa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yau tana da ƙwaƙwale da yawa a cikinta, kuma MPICH da Open MPI kyauta ake samunsu. Ya tayar da ma'aikata biyu. Na biyu ya share gurbi 10 ya cika su da lamba 99, na farko ya aika masa lamba 7. In ya buga abin da ke cikin gurabun zai ga sababbin lambobi bakwai, da 99 guda uku zaune a ƙarshe. In ya tara goman duka, jimlarsa za ta haura gaskiya da 297, kuma na'ura ba za ta ce masa uffan ba. In ya nemi rasit ya ƙirga, za a ce masa 7.

Abin da za a riƙe bai wuce uku ba: girman ma'ajiya daban, abin da ya iso daban, a ƙirga da ma'aunin da aka karɓa da shi, a kuma duba ko ƙirgar ta ba da amsa kafin a yi aiki da ita. Ɗan kasuwar Kusada da ke tsayawa a bakin ƙofa da fitila da littafinsa, yana taɓa kowane buhu kafin a shigar da shi, ya riga ya san dukkan ukun.